Mai Laima da Mutumin Gada

Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ka miƙa wa Inna rabinta. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba ta dafa bango. Yaya ma ta ce a gaishe ka, amma bakinta a cike yake lokacin da ta faɗa, don haka ban san ko da gaske take ba.

Kwalin ya iso. A banɗaki na buɗe shi, kada ka yi dariya, nan kaɗai ne ƙofa take kulluwa da kyau a gidan nan, kyanwoyina kuma sun san ƙarar takarda. Da na ɗaga audugar sai na gan su kwance: mace riƙe da laima, da namiji ya cusa hannu ɗaya a aljihu. Ko tsawon ƙaramin yatsana ba su kai ba. Har yau ina mamakin yadda mutumin da ya tsufa yana gina wa mutane haƙoran roba yake fitar da 'yan Adam daga ragowar farin garin aikinsa.

Ka ce su ne za su tsaya a kan gada, kuma daga su ƙaramin garin wasan da ka gina a kan teburinka ya cika. Ban taɓa ganin garin nan da idona ba, sai a wasiƙunka, amma kowa a cikinsa ta hannuna ya bi, tun daga mai jaridar da na fara fentawa ina ƙarama, wanda na yi wa idanu kamar na kwaɗo kuma ka ƙi cire shi. Wani lokaci malam yana bayani a aji, ni ina can ina tafiya a titinka. Ina wuce tela, in wuce yarinya mai balan-balan, in tsaya jikin fitilar bakin tasha. A garin nan kowa ya san ni, kuma babu mai cewa, "Ke wai ba kya magana ne?"

Na riga na san labarin waɗannan biyun. Ita kullum da yamma takan zo gada, wai ruwa take kallo. Shi kuma kullum yakan ratsa gadar, wai saƙo zai kai. Babu saƙo, Kawu. Hannun da ke aljihunsa fure ya riƙe, har furen ya bushe bai fito da shi ba. Ba su taɓa gaisawa ba. Na ba Yaya labarin sai ta ce, "Ke dai littattafan soyayyar nan sun gama dafa miki kai. Mutumin nan kuɗin mota yake lalube." Ban ƙara gaya mata komai ba.

Teburina yana nan jikin taga, kuma har yanzu ba nawa ba ne ni kaɗai. Alƙali, muzurun nan mai ƙiba, ya mai da shi kotu. Zai hau ya zauna, ya kalle ni cikin ido, ya sa hannu a hankali ya tura kwalbar ruwan burushi har bakin tebur, ya dakata, kamar yana ba ni damar kare kaina, sannan ya ƙarasa. Toka kuwa, ɗaya kyanwar, ba ta fasa komai, ɗauka take yi. Jiya na share ƙarƙashin kabad na samo murfin biro, ɗan kunnen Yaya, da mabuɗin da aka yi ta zargin mai gyaran famfo a kansa.

Abu biyu na lura. Rubutunka ya ƙara girma, kamar na allon aji. Sannan fuskar namijin ba ta fito sosai ba kamar na da, babu gurbin ido, hancin ma da ƙyar. Na ce a raina da gangan ka yi, mutum ne mai yawan tunani, fuskarsa tana cikin hazo. Zan fito masa da ita.

Mama ta ce me zai hana in kira ka a waya kamar kowa. Ka tuna ranar da ka kira aka ba ni, na yi ta numfashi har ka ɗauka layin ne ya yanke. A takarda na fi iya magana.

'Yarka,
Mai Fenti

*

'Yata Mai Fenti,

Gaisuwa ta iso. Inna ta karɓi rabinta, ta ce ya yi mata kaɗan. Muna lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Labarin mutanen gada ya yi min daɗi. Gaskiyar magana, laimar nan na yi ta ne don kan matar ya ƙi fitowa daidai, sai na rufe shi. Amma naki bayanin ya fi nawa, a bar shi a haka.

Ga shawara. In kin shafa man sheƙi, ki kife kofi a kansu, ki ɗora littafi mai nauyi a kan kofin. Na ce mai nauyi. Na soyayya ba zai yi ba, duk iska ce a ciki.

Zancen rubutu kuwa, tsufa ne yake son fili.

Ki gai da Mamanki. Ki gaya wa Alƙali kotu ta tashi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gai da Inna. Kowa lafiya. Ni ce dai ban san yadda zan fara ba, don haka bari in fara da mai daɗin.

Namijin ya gama, kuma ban taɓa yin aiki irinsa ba. Rigarsa launin shayi mai madara, takalminsa ya ɗan goge a baki saboda yawan zirga-zirga a gada. Idanun ne suka tsayar da ni. Duk burushin da nake da shi ya yi kauri, ɗigo ɗaya sai ya cinye rabin fuska. Sai wata safiya na tsinci gashin bakin Toka a kan matashina, guda ɗaya, fari, ya faɗi da kansa. Na yanke tsininsa, na ɗaure a jikin tsinken ashana. Kawu, da shi na yi. Na riƙe numfashi, na ɗiga fari, na ɗiga baƙi, na ƙara wani ɗan haske a gefe. Da na ɗago gilashin ƙara girma sai na ga yana kallon hagu kaɗan, daidai inda za ta tsaya. Kunya ta kama ni, kamar na shigo ɗaki ban yi sallama ba.

Ita kuma na yi mata shuɗiyar riga, laimar ruwan ɗorawa da ƙananan furanni a bakinta. Na shafa mata man sheƙi, na kife kofi. Ƙamus yana ɗakin Yaya kuma ta kulle, sai na ɗora littafin da nake karantawa. Eh, na san abin da ka ce.

Mama ta kira ni in kwashe shanya don hadari ya taso. Ina tsakar gida na ji ƙarar kofi. Yadda na fahimta, aikin haɗin gwiwa ne: Alƙali ya ture littafi da kofi, Toka ta ɗauki Mai Laima. Da na shigo shi yana zaune yana lasar hannu kamar bai taɓa ganina ba, ita kuma babu ita babu alamarta.

A ƙarƙashin kabad na samo Mai Laima. Huda biyu a laima. Karce tun daga kafaɗa har ƙugu. Man bai bushe ba, don haka duk gindin rigar ya kwashi gashin Toka da yashi da wani zare ja da ban san daga ina yake ba. Na gwada cirewa da hantsaki, fentin ya biyo gashin. Na bari. Yaya ta leƙo ta ce, "A'a, ai kyau ta ƙara, ta samu rigar sanyi." Na shiga banɗaki na yi kukana.

Na yi tunanin in aiko maka da shi kaɗai, in ce ita ta ɓata. Har na naɗe shi a auduga. Sai na tuno zai isa gadar nan bayan duk wannan tafiya, ya tsaya yana kallon hagu, babu kowa a wurin. Na kasa. Don haka ga su nan su biyun a kwali ɗaya. Na san ba ta dace da garinka ba. In ka ga dama ka ajiye ta bayan tasha inda ba a gani sosai, amma don Allah ta inda zai iya hango ta.

Ka yafe min. Toka ba ta nemi gafara ba, tana kan cinyata yanzu tana barci.

'Yarka,
Mai Fenti

*

Kawu,

Ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, fenti ba ya bushewa da wuri.

Shiru ya yi yawa. Ba ka taɓa daɗewa haka ba ka ba ni amsa ba. Na je gidan waya, mutumin da ke bayan kanta ya ce kwalin ya tafi tuntuni. Na so in tambaye shi ko akan yi ɓatan kai a hanya, sai kawai na sayi kan sarki da ba na buƙata na fito.

Na ƙirƙiro maka dalilai da yawa. Wataƙila kana gyara gadar ne kafin su hau. Wataƙila ka yi tafiya. Wataƙila wasiƙarka tana cikin jakar wani ma'aikaci da ya tsaya fakewa ruwa a wata rumfa, ya haɗu da wata, ya manta da aikinsa. Wannan na fi so.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ka ga idanunsa? Su nake so ka gani.

'Yarka,
Mai Fenti

*

Mai Fenti,

Saƙo ya iso. Na gode.

Kada ki ƙara wahalar da kanki ki aiko min da wani. Ni ma ba zan ƙara aikowa ba. Ki adana fentinki ga wanda zai iya yaba shi.

Kawunki

*

Kawu,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya.

Na ga wasiƙarka. Layi huɗu sun cika shafi guda, don haka ba zan ce ban gani da kyau ba. Na fahimta. Shekara da shekaru kana sassaƙa abu da haƙuri, ni kuma na mayar maka da shi da gashin kyanwa a jiki. Ko ni ce zan gaji. Abin da ya tsaya min kawai shi ne ba ka ce komai a kan idanunsa ba. Ashe su ma ba su kai ba.

Na zuba kwalaben fenti da burusai a kwali, na ɗora a saman kabad. Teburin ya zama na Alƙali gaba ɗaya. Abin mamaki, tunda babu abin turewa ya daina hawa.

Matar da ke da kanti a bakin layinmu ta daɗe tana kukan ɓeraye. Mama ta tambaye ni ko a ba ta Toka, tana jiran in yi kuka kamar kullum, sai na ce to. Mama ta kalle ni ta ce, "Lafiyarki kuwa?" Na ce lafiya. Ƙarshen makon nan za ta zo da kwando. Toka ba ta sani ba. Ɗazu ta kawo min murfin kwalba ta ajiye a ƙafata, ita a ganinta kyauta ce.

A littattafan da nake karantawa, idan aka yi wa yarinya irin wannan wasiƙa, takan tsaya jikin taga, ruwa na zuba, ta yi kyau. Na gwada. Hancina ne kawai ya kumbura.

Jiya a aji na so in shiga garin kamar yadda na saba. Na isa bakin titi na tarar tela ya rufe, mai jarida ya juya baya, fitilar tasha a kashe. Ban ƙarasa gadar ba. Ina tsoron abin da zan gani, ko abin da ba zan gani ba.

Ba sai ka amsa wannan ba. Na gode da duk mutanen da ka aiko min. Su ne ƙawayena.

'Yar ƙanwarka

*

'Yata,

Ni ce Inna nake rubutu, Kawunki yana faɗa. Inda kika ga magana ta yi hankali, tawa ce.

Ya ce a fara da gaisuwa. To an gaishe ku, ya ƙafar Mamanki.

Ya ce in rubuta: kada a ba da kyanwar nan. Ya ce in ja layi a ƙarƙashi. Na ja.

Yanzu bari in gaya miki abin da shi ya kasa. Idon Kawunki ya tafi. Tun bara yake raguwa, yana ɓoyewa, har ni ya so ya ɓoye wa, sai da na ga yana zuba sukari a gefen kofi. Mutanen gada da ya aiko miki, rabinsu da lalube ya yi. An yi aiki a asibiti bayan kwalinki ya iso, ba a dace ba, likita ya ce jijiyar ce. Yanzu yana bambance taga da bango, shi ke nan. Wasiƙar nan da ta sa ki kuka da kansa ya rubuta, ya hana ni gani, wai shi ba ya son a tausaya masa. Da na karanta masa amsarki sai ya ce, "Ba haka nake nufi ba." Na ce to ai ba abin da kake nufi ake aikawa a ambulan ba, abin da ka rubuta ne.

Ya ce in daina sa baki. Ga nasa:

Mai Fenti, ranar da kwalin ya zo na ciro namijin na riƙe. Inna ta ce idanunsa kamar zai yi magana. Na kai shi jikin taga, na kawo shi har kan hancina. Ban ga komai ba. Na shafa, sumul yake kamar ƙwai, ban san gabansa ba ban san bayansa ba. Aikinki mafi kyau yana hannuna, ni kuma kamar dutse na riƙe. Shi ya sa na ce ki adana fentinki. Ba aikin ne bai kai ba, mai kallon ne.

Ita kuwa Mai Laima ban taɓa ta ba sai bayan an sallamo ni, don kin ce ta lalace. Ina zaune babu abin yi, hannuna ya faɗa kanta. Sai na ji gashi. Na ji yashi. Na bi karcen bayanta da farce, na hau laima na tarar da huda biyu. Ɗaya mai zurfi, ɗaya gajere mai faɗi. Na ce wa Inna, kyanwar nan fiƙarta ta hagu ta gutsure a baki. Ki duba ki gani. Aikina ke nan tun kafin a haifi Mamanki.

Ni Inna na shaida, ranar ya fara dariya tun da muka dawo. Yanzu a aljihun rigarsa take kwana, ko wanki zan yi sai mun yi rigima.

Ya ce: ita kaɗai nake gani a duk garin. Na kai su gada da kaina na tsayar, Inna ta ce na sa ya juya mata baya. Na gyara, ta ce yanzu kogi yake kallo. Don haka ga shi nan na mayar miki. Irin waɗannan idanu, mai ido ya kamata ya riƙe su. Ki sauke kwalin nan daga saman kabad, ki yi wa wasu fenti.

Ya ce a rufe haka. Ni kuma na ce ki yi haƙuri da shi, tsoho ne mai taurin kai, amma ko a asibiti sai da ya tambaya ko wasiƙarki ta zo.

Inna da Kawunki

*

Kawu, Inna,

Ina gaishe ku. Kawu, ya jiki. Na rubuta "ya jiki" na zauna ina kallonsa, ya yi min ƙanƙanta, amma ban sami wanda ya fi shi ba. Rubutunka ya yi ta girma a gabana, ni kuma ina can ina ƙirƙira wa mutumin gada hazo a fuska. Inna, ki karanta masa wannan a hankali.

Wasiƙarku ta zo a makare. An riga an tafi da Toka.

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, ban ma san na sa takalmin Yaya ba sai da na isa kantin. Cike yake da mutane. Ka san ni. Na tsaya bayan wani mai sayen sabulu ina addu'a ƙasa ta buɗe. Sai na hango ta a saman kanta, tsakanin gwangwanaye, tana kallona. Na ji bakina ya ce, da ƙarfi har kowa ya juyo, "Na zo karɓar kyanwata."

Mai kanti ta ce, "Ikon Allah, ashe kina da murya!" Sannan ta ce, "Ɗauki abarki, 'yar nan, har kwandon na ba ki. Ɓera ko ɗaya ba ta kama ba. Murafen biro ta kwashe min kaf, da mabuɗin aljihun tebur. In kin gano inda take ɓoyewa ki aiko min."

A hanya na ɗaga leɓenta. Fiƙar hagu, a gutsure. Na tsaya a tsakiyar layi ina dariya ina hawaye, mai gyaran keke yana kallona.

Yanzu zancen mutumin da ka mayar. Kawu, ba zan riƙe shi ba. Ta yaya? Ita tana can, shi yana nan a kan taga yana kallon hagu, babu komai a hagunsa sai labule. Na sauke kwalin fentin. Na zauna na rufe idona na shafa shi kamar yadda ka yi. Gaskiyarka, ƙwai ne.

Don haka na sake masa aiki. Na kwaɓa fentin rigar da garin katako da na roƙo wurin kafinta, da bakina na roƙa, yanzu rigar tana da kaushi kamar bargo. Takalmin na bar shi sumul. Gashin kansa zaren ɗinki ne na yayyanka na manna. Na yi masa maɓallai uku a gaba da ɗigon gam, in ka ji su ka san ƙirjinsa ke nan. A bakin aljihu na manna ɗan busasshen kan fure, ya leƙo kaɗan. Ka gaya wa Yaya ba kuɗin mota ba ne, ni ta ƙi yarda.

Idanun ne na bari ƙarshe. Na daɗe ina kallonsu ta gilashi. Na kira Mama ta gani, na kira Yaya ita ma ta gani. Da suka fita na ɗauki tsinken gashin Toka na ɗiga gam a kan kowanne, na bari ya bushe, na ƙara, har suka taso. Sun rufe na ƙasan. Yanzu in mai ido ya kalla, ya koma ɗan'uwan mai jaridar nan mai idon kwaɗo. Amma ka sa yatsa ka ji. Na karkatar da su hagu.

Na yi kuka kaɗan, ba da yawa ba. Na farkon suna nan a ƙarƙashi, ni da shi mun sani.

Ga ƙa'idar da na tsara, Inna ki riƙe masa: kaushi launin ƙasa ne, yashi ja ne, sumul baƙi ne, ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa. Shuɗi ban samo masa ba tukuna. Ina tunanin auduga. In ka yarda, ka riƙa aiko min da mutanen garin ɗaya bayan ɗaya in sake musu kaya. Kuma ka sassaƙa sabo, ko yaya ya fito. Kai ka ce gari ya cika, ni ban ce ba.

Wannan karon ƙamus na ɗora a kan kofin. Alƙali ya gwada, ya kalle ni, ya ɗaga ƙara zuwa wani zama.

'Yarka,
Mai Fenti

*

Mai Fenti,

Inna ce da biro, Kawunki da baki. Muna lafiya, muna gai da kowa.

Ya ce: baƙo ya iso lafiya. Na ji maɓallai, na ji fure, na ji idanu. Na kori Inna daga ɗakin, na kai shi gada da kaina. Na fito da Mai Laima daga aljihu, na nemo karcen bayanta, na juya ta. Na bi idanunsa da yatsa har inda suka nufa, na tsayar da ita a wurin. Sannan na kira Inna na ce ta faɗi gaskiya.

Ni Inna, ga gaskiya: suna kallon juna. Har sun yi kusa da yawa, in kin tambaye ni, a gaban mutane.

Ya ce ba a tambaye ni ba.

A cikin audugar za ki ga mai jarida, shi ne na farko a layi. Kusa da shi akwai sabon abu da Kawunki ya wuni yana yi, ya ɓata min tebur da farin gari. Ya ce kyanwa ce, za ta zauna a ƙarfen gada. Ni dankali na gani da wutsiya.

Ya ce: wutsiyar ai ta fito. Ki yi mata launin toka, ki nemo wa toka abin da yatsa zai ji. Ranar da kika gama, ki kira waya ki gaya min. In ma numfashin ne kawai, zan gane ki.

Kuma in kin shafa man sheƙi, wannan kada ki kife kofi. Ki ajiye ta a bakin tebur, ki je ki kwashe shanya. Toka, mai sa hannu, ta san aikinta.

Kawunki, da Inna